Yadda za a yi amfani da maganin danne sinadarin namiji a jinyar sankarar firostet ba tare da cutuwa ba

Firostet wata 'yar gaɓa ce da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kuma sankarar da ke kama ta tana girma ne da taimakon sinadarin namiji da ake kira testosteron, wanda marainai ke samar da mafi yawansa. Tun a 1941 likita Charles Huggins na Jami'ar Chicago ya nuna cewa rage wannan sinadari yana dakushe cutar, binciken da ya kai shi ga lambar Nobel a 1966. A kan wannan ne aka gina magungunan da ake bayarwa a yau. Suna danne cutar, sau da yawa har tsawon shekaru, amma amfaninsu ya rataya ne ga yadda majinyaci ya kiyaye ƙa'idarsu.

Kafin a fara, ya wajaba majinyaci ya faɗa wa likitansa duk wata lalura da yake da ita, musamman ciwon zuciya, hawan jini, ciwon suga, ciwon hanta ko farfaɗiya, sannan ya kai masa duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya. Dalili kuwa shi ne, a cikin magungunan wannan jinya, bicalutamide yana ƙara ƙarfin warfarin mai tsinka jini, enzalutamide kuma yana iya tayar da farfaɗiya ga mai tarihinta.

Makonnin farko su ne suka fi buƙatar lura. Allurai irin su goserelin da leuprolide sukan fara ɗaga testosteron na ɗan lokaci kafin su sauke shi, kuma a wannan tsakani ciwon ƙashi ko wahalar fitsari na iya ƙaruwa. Shi ya sa likitoci kan ba da ƙwayar bicalutamide mai miligiram 50 a kullum, a fara ta kwanaki kaɗan kafin allurar farko, a ci gaba da ita na wasu makonni. Kada a raina wannan ƙwaya don ganin an sayi allura mai tsada. Degarelix da relugolix, waɗanda su ma magungunan sauke testosteron ne, ba sa haddasa wannan tashi. Idan majinyaci ya ji sabon ciwon baya mai tsanani, ko ƙafafunsa suka yi sanyi ko suka mutu, ko fitsari ya tsaya, ko ya kasa riƙe fitsari da bayan gida, to a garzaya da shi asibiti a ranar, domin alama ce cewa cutar tana iya matse laka, kuma jinkiri na iya jawo shanyewar ƙafafu ta dindindin.

Ranar allura ba abar wasa ba ce. Goserelin mai miligiram 3.6 ana saka shi a ƙarƙashin fatar ciki duk bayan kwana 28, mai miligiram 10.8 kuwa duk bayan mako 12, kuma ma'aikacin lafiya da ya ƙware ne ya kamata ya yi shi. A rubuta ranar a kalanda, a kuma tanadi maganin tun da wuri daga kantin da aka amince da shi, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki ga waɗanda ke Najeriya, a adana shi yadda takardarsa ta ce, domin wasu allurai sai a firji. Mutane da yawa sukan dakata da zarar gwajin PSA, wato gwajin jini da ake bibiyar cutar da shi, ya sauka, suna zaton an warke, alhali saukar tasa shaida ce cewa maganin yana aiki. Wanda tsada ta fi ƙarfinsa ya faɗa wa likita gaskiya. Akwai tiyatar cire marainai, wadda ake yi sau ɗaya kuma tana sauke testosteron kamar yadda allura ke yi. Magana ce mai nauyi ga kowane namiji, amma a ganina ta fi allurar da ake yi yau a tsallake gobe.

Mai shan abiraterone, wato ƙwayar da ke hana jiki samar da testosteron, ya sha shi ciki babu abinci, wato aƙalla awa 1 kafin cin abinci ko awa 2 bayan ci, domin abinci yana sa jiki ya zuƙe shi fiye da kima. Ana haɗa shi da maganin prednisolone don rage illolinsa, wanda ba a daina shi kwatsam, kuma ana riƙa auna hanta, hawan jini da sinadarin potassiyam. Mace mai juna biyu kada ta taɓa ƙwayar abiraterone ba tare da safar hannu ba. Wanda ke son yin azumin Ramadan ya tsara lokutan shan maganin tare da likitansa tun kafin watan ya kama.

Illolin da ke biyo bayan raguwar testosteron sanannu ne: zafi da gumi da ke taso wa mutum kwatsam, kasala, teɓa, kumburin nono, raguwar sha'awa da ƙarfin gaba, da kuma ɓacin rai ko damuwa. Waɗanda ba a gani su ne suka fi haɗari, wato raunin ƙashi, hauhawar suga da matsalar zuciya. Saboda haka a lazimci tafiya a ƙafa da ɗaga abu mai matsakaicin nauyi, a bar taba da giya, a tambayi likita game da kalsiyam da bitamin D, a kuma riƙa auna suga da hawan jini tare da gwajin PSA duk bayan wata 3 zuwa 6 ko yadda likita ya tsara.

Batun iyali shi ne wanda kunya ta fi hana a tattauna, kuma nan ne wasu ke komawa ga maganin ƙarfin maza na kasuwa. Wannan haɗari ne ƙwarai, domin ba a san abin da aka zuba a cikinsa ba, kuma duk wanda ke ɗauke da testosteron abinci ne ga cutar da ake ƙoƙarin dannewa. Ya fi kyau maigida ya tafi asibiti tare da uwargidansa, likita ya yi musu bayani tare, ya kuma duba ko akwai maganin da zai taimaka ba tare da ya taɓa jinyar ba.