Yadda ake zuba rezin da ƙwanson teku a saman kantar kicin

Kantar farko da na zuba wa rezin, wato wani ruwa mai kauri da ke daskarewa garau kamar gilashi, a gidanmu na Nima a Akra, gari na wayewa na tarar ta yi fari-fari kamar an kwara mata koko. Laifina ne, ƙwanson bai gama bushewa ba. Danshi da iska su ne ke ɓata wannan aiki, ga shi Akra garin danshi ne, don haka sai ka shigo da haƙurinka.

Fara da ƙwanson. Ana tsintarsa a bakin teku irin su Kokrobite in ruwa ya janye, amma ni na fi son ƙumbar adode ta Ada, inda kogin Volta ke faɗawa teku, domin ba ta da tudu sosai. Ka sa wuri, ƙwanson nan da aka yi kuɗi da shi a da, kaɗan a ciki don ado. Daga sunansa na Akan, sedie, aka samo sunan sidin da Gana ta fara kashewa a 1965. Jiƙa duk ƙwanson a ruwa da ɗan bilic, ka bi lungu-lungu da tsohon burushin haƙori, ka ɗauraye, ka shanya a rana kwana uku. Sannan shinshina. In akwai sauran ƙarni, mayar da su rana.

Kafinta ya yanko maka filawud mai kauri, ya kewaye shi da baki wanda ya ɗara ƙwanso mafi tudu. Toshe duk mahaɗa da silikon, domin rezin ko ramin allura ya samu sai ya bi. Aro ma'aunin ruwa na duba karkata wurin magini ka daidaita katakon, in ba haka ba gefe ɗaya zai cika, ɗaya ya bar ƙwanso a waje.

Lissafin da sauƙi: murabba'in mita 1 a zurfin milimita 1 yana shan lita 1. Kanta mai tsawon mita 1 da faɗin rabin mita, a zurfin santimita 1, lita 5 ke nan, sai ɗan abin da ƙwanson ya rage maka. Ka ga dalilin da ya sa nake gudun manyan katantanwa, kuɗinka suke sha.

Rezin ɗin efoksi gora biyu ne, shi da mai daskarar da shi. Irin na shafe tebur yawanci ɗaya bisa ɗaya ake haɗawa, kuma ba a wuce milimita 3 a zubi guda. Na zubi mai zurfi galibi biyu bisa ɗaya ne. Bi abin da ke jikin gorar, ban da "ai na ƙiyasta da ido". Sa safar hannu, buɗe taga, ka juya a hankali minti uku zuwa biyar kana kankare gefe da gindin kofin. Kada ka bar haɗin a kofi ka tafi amsa waya, zai ɗau zafi har ya yi hayaƙi.

Nan ne gaggawa ke kayar da mutane. Shafa siririn rezin da burushi a kan katakon da kowane ƙwanso, ciki da baya, don su daina fitar da iska. Wanda za ka kifa, cika cikinsa tukuna ka bari ya daskare. In ka kifa shi wayam, iskar da ke ƙarƙashi za ta riƙa sulalowa bayan ka tafi barci, ka wayi gari da kumfa jere kamar idon kifi. Jera su a kan shafin tun yana danƙo don su kama, kada su taso.

Sai zubi, kaɗan-kaɗan. Bayan kowane zubi, wuce da bindigar iska mai zafi sama-sama don kumfa su fashe, kada ka tsaya wuri guda. Ƙara na gaba in na farkon ya yi danƙo, wajen awa 4 zuwa 6. In ya riga ya ƙame, goga sanfefa ka share ƙurar kafin ka ɗora.

Kada ka zuba a Mayu ko Yuni, lokacin da ruwa ke sauka kamar da bakin ƙwarya. Hunturu ya fi, sai dai ƙura, saboda haka kifa babban kwali a kai, ka hana yara leƙe. Ba kantar awa 72 kafin ka ɗora komai, mako guda ma ya fi.

Rana kan mayar da rezin rawaya, wuƙa na karce shi, zafi kuma na bar masa tabo. Yayata ta taɓa sauke tukunyar wake da shinkafa daga wuta kai tsaye a kan tamu, har yau zoben na nan kusa da wurin. Yanzu faifai biyu ke zaune a kanta.