Idan Aka Sace Bayanan Tsohonka a Kamfanin Kula da Tsofaffi a Amurka

Aikina kula da tsofaffi ne a Bronx da ke birnin New York, kuma na san inda wasiƙun Turanci ke kwana a gidajen iyayenmu: cikin leda ɗaya a kan firji, sai ɗa ko jika ya zo ranar Asabar ya duba. A irin wannan ledar ake tsintar wasiƙar kamfanin kula da tsofaffi mai cewa ɓarayin intanet sun kutsa cikin kwamfutocinsu. Don Allah kada a yar da ita, har ambulan ɗin a adana. Dokar HIPAA, wadda ke kare sirrin bayanan jinya a Amurka, ta wajabta musu sanar da mutum cikin kwana 60 daga ranar da suka gano kutsen, su kuma faɗi irin bayanan da aka ɗauka. Wannan layin za ka fara nema. Suna da adireshi ne kawai, ko har da lambar Social Security (lambar shaidar mutum a wajen gwamnati), da ta Medicare (inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi), da takardun jinya?

In lambar Social Security na ciki, a ranar ka kulle rajistar bashin Baba ko Mama, wato tarihin bashi da ake dubawa kafin a ba mutum bashi, a kamfanoni uku: Equifax, Experian da TransUnion. Kowanne sai an nema daban. Tun 2018 kyauta ne, kuma in ta waya ko intanet aka nema, cikin ranar aiki ɗaya za su kulle. Wasiƙar takan yi muku tayin sa ido a kan rajistar kyauta na shekara ɗaya ko biyu. Ku karɓa, amma ku sani sa ido yana gaya maka ne bayan ɓarawo ya shiga, kullewa kuwa ita ke hana a buɗe sabon katin bashi da sunan mutum tun farko.

Nan ne nake shan gardama da tsofaffi. Hajiya za ta ce, "Ni da ban taɓa cin bashin kowa ba, me za su yi da ni?" Ai Hajiya, irin sunanki suke nema, mai tsabta, wanda ba mai leƙawa. Wasu kuma suna tsoron kullewar za ta taɓa kuɗinsu na wata ko Medicaid, tallafin jinya na masu ƙaramin ƙarfi. Ba ta taɓa ko ɗaya. Idan tsohon ya kai ga mantuwa ko ba ya iya magana da kansa, doka ta yarda wakilinsa ya kulle masa, sai dai za a nemi takardar wakilci ta shari'a ko ta kotu, kuma yawanci ta gidan waya ake aikawa. Wanda bai yi wa iyayensa wannan takarda ba, ya yi tun suna cikin hayyacinsu.

Abin da kullewa ba ta karewa shi ne satar jinya, kuma shi ya fi damuna. Da lambar Medicare, wani zai iya cajin gwamnati kuɗin keken guragu ko takalmin gwiwa da ba a taɓa kawowa ba. Mafi muni, cutar wani da magungunansa su shiga fayil ɗin mahaifiyarka. Saboda haka duk takardar bayanin kuɗin jinya da Medicare ta aiko, ku zauna tare ku bi ta layi-layi: kin ga wannan likitan? An kawo miki wannan? In akwai baƙon abu, kira 1-800-MEDICARE, za su iya sauya lambar. Kana da haƙƙin neman kwafin fayil ɗin jinya da neman a gyara kuskure. A hukumar haraji ta IRS ma ana ba da lambar sirri mai lamba shida da ke hana wani cike takardar haraji da sunan mutum.

In an riga an yi amfani da sunan, shiga IdentityTheft.gov na hukumar FTC mai kare masu sayayya ka kai rahoto. Da rahoton nan ake goge basukan ƙarya, ana kuma sa gargaɗi na shekara bakwai a rajistar.

Batun ƙara kuwa, HIPAA ba ta ba mutum damar kai kamfani kotu da kansa ba. Abin da ta ba ka shi ne kai koke ga ofishin kare haƙƙin jama'a na Ma'aikatar Lafiya cikin kwana 180. Ƙarar diyya a ƙarƙashin dokokin jiha ake yi, galibi ta haɗin gwiwar duk waɗanda abin ya shafa. In takardar sasanci ta zo, duba ranar ƙarshe, domin wanda ya yi shiru bai cire kansa ba yakan rasa damar ƙara shi kaɗai. Ka ajiye kowane rasit, ka rubuta lokacin da ka ɓata a waya, don ana neman su wajen biya. Ka kuma dubo takardar da aka sa wa hannu ranar da tsohon ya shiga hannun kamfanin, wasu na ɗauke da sharaɗin sasanci a wajen kotu, lauya ya gani.

Ka gaya wa tsohon da Hausa, a fili, cewa kira zai ƙaru, kuma mai kiran zai san sunansa da na likitansa. Medicare ba ta kira haka kawai ta tambayi lamba. Ya kashe wayar, ya kira ka.