Darasi na Tara: Idan Hitar Ruwa Ta Fara Yoyo

Idan hunturu ya kankama, wajen Disamba zuwa Janairu, ba mai marmarin wanka da ruwan randa da asuba. A yawancin gidajenmu tukunya ake ɗorawa a murhu. Amma a gidajen haya na birni, da gidajen ma'aikata, da masaukan baƙi, za ku ga wata farar tukunya kafe a bangon banɗaki, da bututu biyu a ƙasanta. Ita ake kira hita. Wasunku suna da ita a gida. Wasu kuma suna aiki a gidajen da ake da ita, ko gadi ko aikatau, kuma su ake fara ƙwala wa kira ranar da ruwa ya malale a ƙasa.

Mu fara karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, gaɓa-gaɓa, sannan kowa ya rubuta su a littafinsa:

hi-ta, yo-yo, bu-tu-tu, tsa-tsa, ma-kun-ni, ba-wul, tan-ki

Abin da ke cikinta

Farin jikin da kuke gani riga ce kawai. A ciki akwai tanki na ƙarfe, kuma tsakanin rigar da tankin an cusa abin da ke riƙe zafi, kamar yadda filas yake riƙe shayi. A gindin tankin akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da wutar lantarki take zafafawa, masu gyara suna ce masa elimen. Kusa da shi akwai na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ruwa ya kai zafin da aka saita. Bututun da ke da shuɗin zobe shi ne mashigar ruwan sanyi, mai jan zobe kuma mafitar ruwan zafi.

Ku duba takardar da aka liƙa a jikinta. Za ku ga lamba da harafin L, kamar 15 L, 30 L ko 50 L. Wannan shi ne yawan litar da take ci. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka hita mai lita 50 idan ta cika, ruwan cikinta kaɗai ya kai nauyin buhun siminti. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Za ku kuma ga wata lamba da harafin W, kamar 1500 W, wato ƙarfin wutar da take ja. Wutar gidajenmu kuwa bolt 230 ce, kuma ta isa ta kashe ƙato idan ƙafarsa tana cikin ruwa.

Kafin ku taɓa komai

Idan kun ga ruwa yana ɗiga daga hita, kada ku fara neman tsumma ko bokiti. Ku fita daga banɗakin, ku goge hannu ya bushe, ku sa takalmin roba busasshe, ku kashe makunnin hita. Yawanci yana waje kusa da ƙofa, babba ne, yana da ɗan jan fitila. Idan akwai rubutu a jikinsa, ON yana nufin a kunne, OFF a kashe. Idan ruwa ya kai ga makunnin, ko ba ku san inda yake ba, ku je babban akwatin wuta na gidan ku sauke bireka, wato babban makunnin da ke yanke wutar gidan.

Akwai maganar da nake so ku fitar da ita daga ranku, ita ce "ai NEPA sun ɗauke wuta." Wanda ya ɗauke bai gaya muku lokacin da zai dawo da ita ba. Tana iya dawowa hannunku yana kan waya, ko wani ya ta da janareta a bayan gida bai san kuna ciki ba. Ko unguwa ta yi duhu ɗungurungum, ku kashe makunnin da hannunku, ku kuma gaya wa mutanen gida kada wanda ya kunna.

Sai ruwa. A kan bututun mai shuɗin zobe akwai makulli, ku murɗa shi ya rufe. Idan babu, ko ya ƙi murɗuwa saboda tsatsa, ku rufe ruwan daga babban tankin sama. Yanzu ne za a sa bokiti, a share ƙasa, a hana yara shiga.

Daga ina yake fitowa?

Ruwa yana da yaudara. Yana iya fitowa daga sama, ya bi jikin bututu, ya ɗiga a wani wuri dabam. Ku goge hitar da bututunta da busasshen tsumma, ku buɗe ruwan kaɗan, wuta tana kashe, ku ɗauki tocila ku zuba ido. Inda ya fara jiƙewa, nan ne ciwon yake.

Mafi sauƙi shi ne mahaɗar bututu. Ko goro ya saki, ko 'yar robar da ke ciki ta mutu, ko lanƙwasasshen tiyon nan mai rigar waya ya tsage. A ɗan ƙara ɗaure goron da sifana a hankali. In bai tsaya ba, a kwance, a sa sabuwar roba, a naɗa farin tef na masu gyaran famfo a kan zaren, a mayar. Tiyon da ya tsage kuwa sauya shi ake yi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Idan ruwan daga cikin murfin roba na ƙasa yake fitowa, inda wayoyi suke shiga, galibi robar da ke zagaye da bakin elimen ce ta gaji. Gyaruwa take yi, amma ruwa da waya sun haɗu a wurin, don haka ku bar wa mai gyara. Kada a kunna hitar sai an sauya robar kuma wurin ya bushe ƙarau.

Ɗan bawul mai ɗiga

A nan nake so mu daɗe. A kan bututun ruwan sanyi, dab da gindin hita, akwai wani ɗan ƙarfe mai ruwan tagulla, da ɗan baki a gefe, wani lokaci da ɗan hannu da ake ɗagawa. Wannan shi ne bawul na kariya. Aikinsa biyu ne: yana hana ruwan zafi komawa baya cikin bututu, kuma yana buɗewa ya fitar da ruwa idan matsi ya yi yawa a cikin tanki.

Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi. Idan aka ɗora lita 50 daga sanyin famfo zuwa digiri 60, yakan ƙaru da kusan leda ɗaya da rabi ta fiya wata. Tankin kuwa ƙarfe ne a rufe, ba ya miƙewa. To ina wannan ƙarin zai je? Ta bakin bawul ɗin nan yake fita, ɗis, ɗis, ɗis. Saboda haka idan yana ɗiga a lokacin da hita take aiki, ya kuma tsaya bayan ruwa ya gama zafi, lafiyarsa ƙalau. Abin da ake yi shi ne a sa masa siririn tiyo ya gangara zuwa magudana.

A wani gidan haya da na zauna, maƙwabcina dattijo ne mai tsabta, ba ya son ganin ɗigon ruwa a tayil. Ɗigar nan ta dame shi, sai ya fiƙe ɗan icce ya dunƙa a bakin bawul, ya naɗe da robar tayar keke tamau. Ɗiga ta tsaya, hankalinsa ya kwanta. Ba a yi wata guda ba, wata asuba muka ji salati. Ruwan zafi ne yake tsiyaya daga ƙarƙashin hitar, banɗaki ya turnuƙe da tururi. Da mai gyaran famfo ya zo, yaro ne matashi, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ɗaga kai ya ga iccen nan, sai ya yi shiru.

"Baba, ku kuka sa wannan?"

"Ni ne, ɗana. Yoyo yake yi."

"Baba, ku yi haƙuri, ai numfashinta ke nan kuka toshe. Da ta rasa mafita sai ta tura robar ƙasa. Ku gode wa Allah robar ce ta saki. Da na'urar yanke wuta ta lalace a wannan halin, ruwan zai yi ta tafasa a rufe, tankin ne zai tashi da bangon nan."

Dattijon ya daɗe yana kallon hitar. Jikokinsa biyu a ɗakin da ke jikin bangon suke kwana.

Maganar yaron gaskiya ce. Ruwa idan ya zama tururi yana neman wuri fiye da ninki 1,600 na inda yake a da, kuma wannan ɗan bawul shi ne ƙofar da aka bar masa. Ina roƙonku, kada ku toshe shi da icce, ko leda, ko ƙusa, kada kuma ku yarda wani mai gyara ya cire shi ya haɗa bututu kai tsaye don a huta da ɗiga. In yana zuba ba tsayawa, ko da hita a kashe take, to datti ya shiga ko ya mutu. Ku ɗaga ɗan hannun sau biyu ko uku ruwa ya wanke shi, kuna kaffa-kaffa da zafi. In bai daina ba, a sayo sabo mai lamba iri ɗaya da wadda ke rubuce a jikin tsohon. A hitocin bango da muka saba gani, lambar takan zama 7 ko 8, da kalmar Turanci "bar" a gefe, wato ma'aunin matsi. Ku tafi kasuwa da tsohon a hannu. Ko lafiyarsa lau, yana da kyau a riƙa ɗaga hannun kamar sau ɗaya a wata don kada ya daskare.

Idan tankin ne ya huje

Wani lokaci mahaɗa lafiya, bawul lafiya, amma ruwa yana tsattsafowa daga ɗinkin rigar, ga jan zane na tsatsa ya gangaro, ruwan zafi kuma yana fitowa ja-ja. Wannan tsatsa ce ta cinye tankin daga ciki. Za ku sami wanda zai ce a kawo ya yi walda ko ya shafa gam. Ni ban ba ku shawara ba. Cikin tankin akwai shafe mai santsi kamar na kwanon tangaran, wutar walda tana ƙona shi, kuma inda tsatsa ta huda wuri ɗaya ta riga ta ci wasu wuraren saura ƙiris. Sabuwa za a nema.

Abin da ke jinkirta wannan rana wata sanda ce ta magniziyam da ke cikin tankin, kusa da elimen. An sa ta ne don tsatsa ta ci ta a maimakon tanki. A hankali take narkewa, in ta ƙare sai ci ya koma kan ƙarfen. Mutane ƙalilan ne suka san da ita. Ku ce wa mai gyara ya duba ta duk shekara ɗaya ko biyu, ya kuma kankare farin ƙwanson da ke taruwa a jikin elimen, irin wanda kuke gani a gindin butar shayi. Ruwan burtsatse na wasu unguwanni yana tara shi da sauri, kuma shi ne yake sa hita gurnani idan tana aiki.

Zubar da ruwan da sake cikawa

Ba a sauke hita da ruwa a ciki, ku tuna buhun siminti. A kashe wuta, a bar ta ta huce na wasu awoyi, a rufe ruwan sanyi, a buɗe famfon ruwan zafi don iska ta shiga, sannan a ɗaga hannun bawul ruwa ya bi tiyo zuwa bokiti. Yakan ɗauki lokaci.

Bayan gyara, ruwa ake fara sawa kafin wuta. A buɗe ruwan sanyi, a bar famfon zafi a buɗe. Zai yi ta tari yana fesar da iska. Sai ya koma zuba sumul, sannan tanki ya cika, sannan a kunna. Elimen da aka kunna babu ruwa yana ƙonewa nan take. Wannan ya shafi ranar da babban tankin sama ya ƙafe ma.

Ku sa mai gyaran wuta ya tabbatar wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, tana haɗe. Idan kun taɓa jin famfo ya ɗan ja ku lokacin wanka, ko kaɗan ne, a kashe hitar a ranar, kada a sake kunnawa sai an duba.

Idan wuta ta kama wani, kada ku cafke shi da hannu. Ku kashe bireka, in ya yi nisa ku ture shi da busasshen icce kuna tsaye a busasshen wuri, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware. Wanda ruwan zafi ya ƙona kuwa, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na minti 20. Ban da manja, ban da ɗanyen ƙwai, ban da man goge baki. Ruwa mai digiri 60 yana sale fata cikin daƙiƙoƙi kaɗan, fatar yaro kuma ta fi saurin salewa.

Aiki

1. Wata hita tana yoyo, tana cika kofi mai rabin lita cikin awa ɗaya. Lita nawa za ta zubar a awa 24? Cikin kwana nawa za ta kusa cika jarka mai lita 25?

2. Hita mai 1500 W tana cin yunit ɗaya da rabi a mita duk awa ɗaya da take aiki. Idan yoyon ruwan zafi ya sa tana ƙarin aikin awa 2 kullum, yunit nawa ke tafiya a banza cikin kwana 30?

3. Kana haya, hita ta fara yoyo daga ƙarƙashin murfi. Rubuta wa mai gidan saƙo na layi uku: ka gaishe shi, ka faɗi inda ruwan yake fitowa, ka faɗi abin da ka riga ka kashe.

4. Wanda yake da hita a gida ko a wurin aiki, ya kwafo duk lambobin da ke jikinta da na jikin bawul, ya kuma nemo inda makunninta da makullin ruwanta suke. A zo da su darasi na gaba, za mu karanta su tare a allo.