Yadda ake sabunta tsohon daɓen siminti na baranda

Tambayar nan ta yi yawa, to ga matakan:

1. Kankare duk inda daɓen ya ɓamɓare.
2. Wanke shi tas. In maiƙo ko fenti ya rage, sabon ba zai kama ba.
3. Cike tsagogi, ka bar su su bushe.
4. Jiƙa daɓen, amma kada ruwa ya kwanta.
5. Kwaɓa siminti kaɗan-kaɗan, sanye da safar hannu.

Hattara, a nan aka fi yin kuskure: kwaɓi in ya cika ruwa, sai ya tsattsage bayan ya bushe.

6. Baza shi da cokalin gini, gangarensa ya bar jikin bango.
7. Ja tsintsiya a kai tun yana ɗanye, don kada ya yi santsi.
8. Riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana 7.