Yadda za ka sake tsara saƙonnin kuskure a cikin kompaila

Duk wanda ya tashi a ƙauye kamar mu nan wajen Ringim ya san ba a niƙe gero duka a zuba a rumbu, da zangarniyarsa ake ajiyewa, ranar fura a surfa a daka, ranar tuwo a kai inji. To matsalar yawancin ƙananan kompaila kenan, wato manhajar da ke juya rubutun mai shirya manhaja zuwa abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa, da an gano kuskure nan take sai a haɗa jimlar Turanci a ajiye, an riga an niƙe, kuma wallahi daga baya in kana son fitar da saƙon a JSON, tsarin rubuta bayanai da wata manhaja za ta iya karantawa, ko ka juya shi Hausa sai dai ka yi ta tsintar kalmomi.

Kafin ka taɓa komai, tara fayilolin da ke jawo kowane kuskure, ka adana abin da kompailar ke bugawa yanzu. Shi ne mudunka na awo, duk canjin da ka yi ka gwada da shi.

Sannan ka gina tsari guda ɗaya da zai riƙe bayanan kowane kuskure: nau'in kuskuren, lambarsa, fayil da layi da gurbin harafi, sai kayan ciki, misali sunan da ba a gane ba. Jimla kam sai can ƙarshe wajen bugawa. Lambar nan kar ka raina ta, a yaren shirya manhaja na Rust in ka ga E0308 kowa ya san nau'in bayanai (type) ne bai dace ba, ko sun sauya lafazin saƙon lambar na nan.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne son juye komai dare ɗaya, kai ko janareto gare ka ba za ka iya ba balle mu masu jiran sola ta cika batir. Ka buɗe nau'in kuskure ɗaya na wucin gadi wanda zai riƙe tsohuwar jimla yadda take, sai ka riƙa kwashewa ɗaya bayan ɗaya zuwa sabon tsarin, haka masu GHC, kompailar yaren Haskell, suka yi da nasu mai suna TcRnUnknownMessage.

Batun gargaɗi ne ko kuskure kuwa, kar wurin da ya gano matsalar ya yanke hukunci, shi dai ya faɗi dalili. Wuri ɗaya zai duba ko an sa -Werror, umarnin da ke mai da gargaɗi kuskure, ko an kashe wannan gargaɗin, kuma shi kaɗai zai ƙirga kurakurai ya ce a tsaya ko a ci gaba.