Darasi na 9: Zaɓen Na'urar Dafa Gahawa Mai Injin Niƙa

Wata ɗaliba a ajinmu na yamma a Birnin Kebbi ta zo da na'ura cikin kwali ta ajiye a kan benci. Ƙanenta ne ya aiko mata daga Amurka, don ya san maigidanta ya saba da gahawa tun dawowarsa daga aikin Hajji. Filoginta bai shiga soket ɗin gidansu ba, sai aka sayo adafta aka jona. Kafin a ƙifta ido ta yi ƙara, hayaƙi ya tashi, shi ke nan.

"Malam, duba mini ko mai gyara zai iya tayar da ita."

"Hajiya, juya ta ki karanta mana abin da ke rubuce a gindinta."

Ta juya, ta bi da yatsa a hankali: 120V.

Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin lambobi uku da harafi ɗaya ne suka jawo wannan asara, kuma duk ta san su tun watan da ta fara zuwa aji. Ba a taɓa gaya mata inda za ta duba ba ne kawai. Wannan ne ya sa muka ware darasin yau.

Mece ce wannan na'ura?

Gahawa 'ya'yan itace ne da ake soyawa kamar gyaɗa, a niƙa, a zuba wa garin ruwan zafi, a tace. Asalin itacen daga ƙasar Habasha yake, kuma Sufaye a Yaman sun riƙa shan ta tun ƙarni na 15 don su iya raya dare da zikiri. A nan Nijeriya ana noma ta a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba. Wadda mai shayi ke zuba muku daga gwangwani, irin su Nescafé, an riga an dafa ta a masana'anta an busar, shi ya sa take narkewa nan take. Ba ita ake sa wa wannan na'ura ba. Na'urar tana buƙatar soyayyun 'ya'ya: a zuba su ta sama, ta niƙa, ta dafa ruwa, ta tace, gahawar ta ɗigo cikin buta. Amfaninta shi ne ƙanshi, domin da zarar an niƙa gahawa ƙanshinta yake fara gudu, kamar yadda yajin da aka daka yau ya fi na makon jiya.

Karanta gindin na'ura

Kowace na'urar lantarki tana da ɗan rubutu a gindinta ko bayanta. Ku nemi haruffa biyu: V da W.

Harafin V yana nuna irin wutar da aka ƙera na'urar domin ta. Wutar gidajenmu 230V ce. Saboda haka abin da kuke son gani shi ne 220V, ko 230V, ko 220–240V. Idan kuka ga 110V ko 120V, kayan Amurka ne ko Kanada, wutarmu ta ninka tasu. Adafta ba ta rage ƙarfin wuta, siffar filogi kawai take sauyawa. Akwai taransifoma da ke rage wutar, amma wadda za ta ɗauki na'ura mai dafa ruwa babba ce, mai nauyi, mai tsada. Shawarata ita ce ku bar irin wannan na'ura a shago ko da an karya muku kuɗinta. A kayan gwanjo da na Beljiyam ake yawan cin karo da ita, don haka a nan ne ya kamata ku fi buɗe ido. Filogin da ya dace da mu shi ne mai ƙafa uku masu kusurwa, irin na Ingila, wanda yake da fis a cikinsa.

Harafin W kuma yana nuna yawan wutar da na'urar ke ja. Ƙwan fitila na zamani yana jan 10W ko ƙasa da haka. Na'urar gahawa tana jan wajen 900W zuwa 1500W, saboda dafa ruwa aiki ne mai cin wuta. Ƙaramin janareta irin na masu cajin waya yawanci bai kai 1000W ba, ba zai ɗauke ta ba. Mai sola ma ya duba lambar da ke jikin inbatarsa tukuna. Idan wutar unguwarku tana yawan hawa da sauka, ku haɗa da sitabilaiza wadda ƙarfinta ya haura na na'urar.

Kada wannan lamba ta tsorata mai mitar kati. Na'ura mai 1000W sai ta yi awa ɗaya cur tana aiki take cin yunit ɗaya. Idan dahuwa ɗaya tana ɗaukar minti 6, kuma sau ɗaya ake dafawa a rana, kwana 10 ke nan kafin ta ci yunit guda. Abin da ke ƙara cin wuta shi ne farantin da ke ƙarƙashin butar gilas, wanda ke ci gaba da ɗumama gahawar bayan ta dahu. Ga shi kuma yana sa ta ɗaci. Ni na fi son na'ura mai butar ƙarfe irin ta fulas: tana riƙe zafi ko an ɗauke wuta, kuma yaro ba zai fasa ta ba.

Wane irin niƙa take yi?

Nan ne na'ura mai kyau take rabuwa da ta banza, kuma matan ajinmu sun fi kowa saurin gane shi.

Iri biyu ne. Na farko wuƙa ce mai juyawa, kamar ta blanda. Sara take yi. Wasu 'ya'yan su zama gari luƙui, wasu su tsaya tsaki. Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwo da garin da ba a tankaɗe ba ta san abin da ke biyo baya: wani ya dahu, wani yana ɗanye. Haka gahawa take. Mai laushi ya ba da ɗaci, tsakin ya ba da tsami da salam, kofi ɗaya ya fito da ɗanɗano biyu marasa daɗi.

Na biyu haƙora biyu ne na ƙarfe ko na tangaran, ɗaya yana juyawa a jikin ɗaya, 'ya'yan suna bi ta tsakaninsu. Aikin dutsen niƙa da ɗansa ke nan, ko farantan injin markaɗe. Garin yana fita bai ɗaya, kuma akwai maɓallin da ake murɗawa a ƙara laushi ko a rage. A jikin kwali za ku ga an rubuta burr, haruffa huɗu ne, ku haddace su. Ta fi mai wuƙa tsada, amma ita ce ta cancanci kuɗinku.

Sai dai kowace iri tana da ciwo guda. Injin niƙa da tukunyar ruwa suna gida ɗaya, tururi yana hawa ya jiƙa garin da ya maƙale a hanya, ya dunƙule ya toshe ta. Don haka tun a shago ku ce mai kaya ya cire muku sassanta a gabanku: murfin niƙa, matata, tankin ruwa. Wadda ba a iya buɗe hanyar garinta a share da buroshi, wahala za ta ba ku. Ku tambaya kuma ko tana karɓar niƙaƙƙen gari kai tsaye, domin ranar da injin niƙan ya tsaya kada na'urar gaba ɗaya ta zama kayan ado.

Matata ma iri biyu ce. Akwai ta takarda, wadda wata Bajamushiya mai suna Melitta Bentz ta ƙirƙiro a 1908, ana amfani da ita sau ɗaya a yar. Akwai kuma ta raga mai kama da rariya, da ake wankewa a mayar. Mutumin Argungu ko Yawuri ko Zuru ya ɗauki ta raga, kada takarda ta ƙare masa ya rasa inda zai samo.

Kofi nawa?

Idan kwali ya ce kofi 10, ba kofin silba na gidanku ake nufi ba. Kofinsu ƙarami ne, mililita 125 zuwa 150. Kofi 10 bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne giram 60 na gahawa ga lita ɗaya ta ruwa. Gidan da mutum biyu kawai ke sha ba ya buƙatar babba.

A shago da kuma a gida

Kada ku biya sai an jona ta an kunna a gabanku, ta niƙa, ta kuma zubo ruwa mai zafi sosai. Gahawa tana son ruwan da ya kusa tafasa, digiri 90 zuwa 96. Ku karɓi rasit mai kwanan wata da hatimin shago, a rubuta wata nawa ne garanti. Ku karanta da kanku kafin ku sa a aljihu.

A gida, kada a niƙa citta ko kanumfari ko barkono a cikinta. Mai son gahawa da ƙanshi irin ta Makka ya daka kayan ƙanshinsa a turmi ya zuba a buta. Kada a sa ɗanyun 'ya'ya, suna da tauri. A tsince tsakuwa kamar yadda ake tsince shinkafa, ƙwara ɗaya tak tana iya karya haƙori. Injin niƙa ba a wanke shi da ruwa, buroshi ake sa masa. Lokacin hunturu a rufe na'urar da ƙyalle saboda ƙura.

Ku leƙa gindin butar da kuke dafa ruwa. Idan akwai farin abu mai kama da alli, ruwanku yana da gishirin ƙasa, kuma haka zai taru a bututun na'urar ya toshe shi. Duk wata ɗaya ko biyu a wanke cikinta da maganin da takardarta ta ambata. Wasu na'urorin suna karɓar ruwan khal da aka sirka da ruwa, wasu kuwa an hana.

Tambaya ɗaya ta rage, kuma da ita ya kamata a fara: ina za ku riƙa samun soyayyun 'ya'yan gahawa? Idan sai wani ya je Kano ko Abuja, ko sai alhazai sun dawo, ku dakata. Akwai ɗan injin niƙa na hannu da ake juyawa, ba ya buƙatar wutar lantarki ko kaɗan. Shi da buta da matata sun ishi gida, a kan kuɗi kaɗan. Na faɗa wa Hajiya haka, kuma shi ta saya.

Mai juna biyu da mai hawan jini su nemi shawarar ma'aikacin lafiya kafin su saba da gahawa, domin sinadarin da ke hana barci a goro shi ne a cikinta.

Aiki

1. Rubuta waɗannan a littafinka, ka ja layi a ƙarƙashin waɗanda suka dace da wutarmu: 110V, 230V, 120V, 220–240V.
2. Janareta yana da 800W, na'ura tana da 1200W. Zai ɗauke ta? Nawa ne bambancin?
3. Lita ɗaya tana cin giram 60. Giram nawa rabin lita zai ci?
4. Idan ka koma gida, juya dutsen guga ko fanka ko rediyo, ka kwafo lambar V da ta W, ka zo da su aji ranar Asabar.