Kafin ka ƙara wa ƙaramar motarka ƙarfi

Duk wanda ya zo min da Honda Civic ko Golf GTI yana neman ƙarin gudu, tambayata ta farko ita ce: a ina za ka tuƙa ta, titin yau da kullum ko filin tsere? Amsar ce ke tsara komai.

Fara da lafiyar injin. A auna matsin kowace silinda, a duba fulogi da lagireto, a canza baƙin mai. Injin da ke shan baƙin mai, turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi) zai ƙarasa shi ne kawai.

Daga nan sai taya da birki, kuma a nan nake dagewa, domin na taɓa jin birkina ya yi laushi a gangara bayan ya ɗauki zafi. Birki kan yi laushi in mansa ya tafasa: man birki mai lamba DOT 3 ana buƙatar ya jure digiri 205 na ma'aunin Celsius kafin ya tafasa, DOT 4 kuwa 230. Sa DOT 4, ka gyara shakazoba.

Salansa da matatar iska su biyo baya. Saitin kwamfutar injin shi ne na ƙarshe, don ya dace da kayan da ka ɗaura. In ƙarfin ya ƙaru sosai, kuloci zai fara zamewa, ka tanadi mai ƙwari tun da wuri.